Rigar Lantarkin Steinar

Shekara goma sha tara Gunvor ta yi tana kankare ƙanƙara daga gilashin motarta duk safiyar hunturu, a tsaye a waje, cikin duhu, alhali ga gareji nan taku biyar daga inda take, da rufinsa, da ƙofarsa, har da abin ɗumama ɗaki. Abin da ya hana motar shiga kuwa babur ne. Baburin mijinta Steinar, wanda ke shiga ciki tun farkon Oktoba, a lulluɓe shi da bargo kamar mai jego, ba ya sake ganin rana sai Afrilu.

Ba laifi ba ne namiji ya so ƙarfe. Maza da yawa a nan gaɓar yammacin Norway sun so abin da ya fi ƙarfe muni. Amma idan ƙarfe yana kwana cikin ɗumi, matar gida tana hura yatsunta a waje, to akwai abin da ya karkace a gidan, ko da maigidan ba ya sha kuma ba ya zagi.

Gaskiyar magana, ba babur kaɗai Steinar yake karewa ba. Garejin ne. A nan teburin aikin marigayi mahaifinsa yake, da tsohuwar rediyo mai eriyar waya, da kujera mai ƙafa uku, da kalandar da ta tsaya a wata shekara da ba wanda ke tunawa. Idan yayar Gunvor ta zo ziyara, can za ka same shi. Idan an ce a gyara famfon wanka, can za ka same shi, yana neman wata sifana da ba a taɓa gani ba. Mutum ɗan shekara hamsin da uku, ga gida, ga mata, ga aiki a masana'antar kujeru da ke tsallaken ruwa, amma duk faɗin duniya wannan ɗakin kaɗai yake jin nasa ne.

Litinin ɗin ƙarshen Oktoba sanyi ya sauka da gaske. Gunvor ta shigo kicin yatsunta jajur, ta ajiye robar kankare gilashi a kan tebur, dab da burodin da yake ci.

"Steinar, abin nan da ke cikin gareji, abin hawa ne ko gawa?"

"Babur ne, kin sani."

"Abin hawa hawansa ake yi. Wannan wata shida yake yi a kwance. Motar da ke kai mu aiki ita ke kwana a waje, ni ce mai kankare ta, kai kuma sai ka fito da gahawarka a hannu, ka tarar an ɗumama maka kujera kamar wani bishop na coci."

"To me kike so in yi? In jefa shi a teku?"

"Ban ƙi ba. Amma ko tampol ka sa masa a waje ya wadatar, in shigar da mota."

Da Steinar mai hankali ne, da ya ce zai duba. Wannan kalmar ta riƙe aure da yawa a garinmu. Amma ya ga yatsunta, kunya ta kama shi, shi kuwa irin mazan nan ne da kunya ke fito musu ta hanyar cika baki.

"Bana ba zai kwanta ba," in ji shi. "Da shi zan riƙa zuwa aiki. Kullum. Har hunturu ya fita."

Ta dube shi tun daga sanƙo har silifas. "Kai? Kai da ke sa safa biyu kafin ka kalli talabijin?"

"Ni ɗin fa."

"To shi ke nan. In ka je aiki a kansa kullum har bikin Ista, gareji naka ne, ba zan sake ɗaga maganar ba har a binne ɗayanmu. Ranar da ka fasa, ko ka zauna a kujerar motata, ranar za ka fitar da shi."

"Kujera? Wa ke maganar kujera? Ko tsinken sakace ba zan roƙa daga motar nan ba. Ranar da kika ji bakina ya ce ki miƙo mini wani abu daga cikinta, ki ɗauki makullin gareji, na ba ki."

A lura da kyau, ba ita ta kawo wannan sharaɗin ba. Shi ya ƙara shi da kansa, bakinsa cike da burodi. Kafin rana ta yi tsaka kuwa gari duk ya ji, domin Gunvor ita ce mai karɓar baƙi a wurin likitan haƙori, mutanen da ke jiran a huda musu baki kuwa ba su da aikin da ya wuce saurare.

Dole a ba shi haƙƙinsa. Aikin da ya fara yi wa baburin aikin mai hankali ne. Ya cire tayoyin bazara ya sa masu ƙusa, ya yi kwanaki yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai har ƙusoshin suka zauna. Ya wanke shi tas, ya bar shi ya bushe, ya ɗaure birki da leda, sannan ya bi kowane lungu da feshin man hana tsatsa, saboda gishirin da ake watsawa a titi ba ya barin ƙarfe da mutuncinsa. Ya juye baƙin mai ya zuba wanda sanyi ba ya daskararwa. Ya cika cen da giris. Ya ɗaura wa hannuwan babur wasu baƙaƙen jakunkuna masu kama da kunnen giwa don su tare iska. Ya manna wa hular kwanonsa gilashi na biyu daga ciki, kada numfashinsa ya rufe masa ido. Ya samo riga mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa, wadda ko makaho zai tsargu da ita.

Da ya tsaya nan, da ba a sami labari ba. Sai ya shiga intanet.

Akwatuna suka fara isowa. Da farko mariƙin babur mai ɗumi. Sai riga 'yar shara mai wayoyi a ciki. Sai safar hannu ta lantarki, sai safar ƙafa ta lantarki, sai wata shimfiɗa da ake ɗora wa kujera ta gasa wa mutum mazaunai, sai ƙarin fitilu biyu da za su iya haska filin ƙwallo. Kowanne da wayarsa, kowace waya kuma wuri ɗaya ta nufa: batirin baburin da ya shekara ashirin da bakwai a duniya, batirin da bai fi gwangwanin kifi biyu girma ba. Idan Steinar ya gama shiri da safe, sai ya jona kansa a jikin babur ta wuri uku, kamar majinyacin da likitoci suka fara cire rai da shi.

Ranar Lahadi mahaifiyarsa Borghild ta zo cin abincin rana. Shekararta tamanin da huɗu, kuma tun da take ba ta taɓa kewaye magana ba. Ta ɗora wata jaka a kan tebur. A ciki akwai rigar ulu mai kauri, ruwan toka, da dogon wandon ciki, duk saƙar hannunta.

"Na ji an ce ka haukace, shi ne na saƙa maka wannan."

"Na gode, Mama, amma ba za ta yi ba. Takardar rigar lantarki ta ce a sa ta dab da fata, 'yar shat mara nauyi kawai a ƙarƙashi. In na sa ulu a ciki ɗumin ba zai iso ni ba. In na sa a sama, jaket ba zai rufu ba."

"Takarda ta ce."

"Takarda ta ce, Mama."

"Ubanka shekara arba'in ya yi yana kamun kifi a tekun arewa, ban taɓa ganin an jona shi a bango ba."

"Zamanin tumaki ya wuce."

"To madalla. Ni dai ban taɓa jin an ɗauke wa tunkiya wuta ba. Miƙo mini dankali."

A ƙasar da ake sa wa jariri ulu tun kafin a raɗa masa suna, a ƙasar da masu renon yara ke kiran uwa su wanke ta tas in ta kawo ɗa da rigar auduga cikin sanyi, a nan ƙasar ne wani ƙaton mutum ya ture rigar uwarsa gefe saboda wata takarda da aka naɗo a cikin kwali. Gunvor ta dubi jakar. Da aka kwashe kwanuka ta ɗauki jakar, ta kai but ɗin mota, ta ajiye kusa da shebur da wayoyin jona batir.

Nuwamba ta zo da sauƙi, ruwa ne kawai da caɓi. Kowace safiya su biyun sukan fita su nufi jirgin fito na bakwai saura minti goma, ita a mota, shi a babur. Motoci layi suke bi, babur kuwa al'ada ta ba shi gaba. Sai Steinar ya bi gefen layin a hankali, fitilunsa huɗu na ci, in ya zo daidai motar matarsa ya rage gudu, ya ɗaga mata yatsu biyu daga gefen hula. A bakin jirgi kuma ga Arnfinn, mai shigar da motoci, wanda suka yi aji ɗaya tun firamare kuma tun lokacin bai daina tsokanarsa ba.

"Ga butar lantarki ta iso!" in ji Arnfinn. "Ka tafasa ne ko da saura?"

"Ka ji da hancinka da ke yoyo, mutumina. Ni cikin zafin watan Yuli nake."

Ya kuma ƙware wajen auna lokaci. Yakan iso daidai jirgi na sauke gadarsa, bai taɓa jiran da ya wuce minti biyu ba. Mako shida ya yi haka. Ya fara ba abokan aiki shawara ba tare da sun nema ba. Ya fara maganar inda zai kafa sabon kanta a gareji bayan Ista.

To akwai al'ada guda a layin jirgin nan: wanda ya tsaya, ya kashe inji. A garinmu mutum zai iya daina zuwa coci, ya rabu da matarsa, ya fenta gidansa da shuɗi, ba wanda zai ce masa kanzil. Amma ya bar inji yana ci a layi, ya shiga bakin duniya. Babban mai wa'azin wannan al'ada kuwa ba kowa ba ne, Steinar ne. Shekara da shekaru yana fitowa daga motar matarsa mai ɗumi, ya bi layi, ya ƙwanƙwasa gilashin duk wanda hayaƙi ke fita ta bayansa, ya nuna masa allon gargaɗi da yatsa. Ya yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ya yi wa fasto. Ya taɓa yi wa wata mata mai suna Oddny, tana da cikin wata takwas, a tsakiyar Janairu.

Talatar mako na biyu na Disamba aka wayi gari ma'aunin sanyi na nuna sha ɗaya ƙasa da sifili, ga iskar arewa tana yanka kamar sabuwar reza. Steinar ya mayar da kowane maɓalli ƙarshensa, ya bi gefen layi, ya ɗaga wa Gunvor yatsu biyu, ya isa gaba. Babu jirgi. Allo ya ce iska ta riƙe shi a tsallake.

Ya waiwaya. Motoci sun kai arba'in a bayansa, duk a kashe, kuma ko a cikin duhu yana jin idanuwa a kan salansarsa. Ba shi da zaɓi. Ya kashe inji. Amma sai ya mayar da makulli rabin hanya, yadda wuta za ta ci gaba da zuwa riga da safa da kujera da fitilu. Ya zauna ya riƙe ƙugu, yana kallon ruwa kamar wanda ya zo shan iska.

Wuta ba daga sama take saukowa ba. Inji ne ke cika batir, in inji ya tsaya kuwa batir ne ke ciyar da kowa daga aljihunsa. Steinar ya san wannan sarai, shi da ya haɗa wayoyin da hannunsa. Amma ɗumi a mazaunai yana kashe tunani, kuma mutumin da ake kallo ba ya lissafi.

Minti ashirin da biyar jirgin ya yi kafin ya iso. Gada ta sauka, motocin tsallake suka fito, Arnfinn ya ɗaga hannu. Steinar ya gyara zama, ya danna maɓalli.

Ƙyat.

Ya sake dannawa. Ƙyat, ƙyat. Fitilun nan huɗu suka yi ja kamar garwashin da ya kwana, suka mutu. Sannan ya ji abin da ya fi haka muni. Ɗumin da ke ƙirjinsa ya fara zarewa a hankali, daga kafaɗa zuwa ciki, kamar ana janye masa bargo.

Ba wanda ya danna oda. Mu ba ma danna oda. Zama muke yi, hannu biyu a kan sitiyari, mu zuba wa mutum ido har ya gwammace a zage shi.

Arnfinn ya gangaro yana jan hanci. "Sarkin hunturu, shigo mana. Ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

"Batir ne."

"A'a! Wane batir kuma? Ba kai ne a watan Yuli ba?"

"Arnfinn, don girman Allah tura ni, ka bar surutu."

Suka tura. Da suka hau daɓen jirgi Steinar ya ce a ƙara ƙarfi, ya yi tsalle ya hau, ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci. A kan kwalta da wataƙila ya tashi. Amma daɓen jirgi ƙarfe ne, ga jiƙa, ƙusa a kan ƙarfe kuwa ba ta da abin kamawa. Tayar baya ta yi ƙiii, ta ja gefe, babur ya juya ya kalli inda ya fito, da ƙyar Arnfinn ya tare shi da cinya.

"Ka gama wasan? Ina da motoci arba'in da ke son zuwa aiki."

Aka jingine shi a gaba, motoci suka shigo, jirgi ya tashi. Steinar ya cire wayoyinsa uku, ya bi Arnfinn.

"Kuna da na'urar tayar da batir a jirgin nan. Na taɓa gani."

"Muna da ita."

"To ɗauko mana."

"Tana ƙasa a kulle. Makulli na wurin kyaftin. Kyaftin kuwa ka san ƙanen matarka ne." Arnfinn ya ɗaga kafaɗa. "Shekara sha tara yana jin labarin yatsun yayarsa a kowane Kirsimeti. In kana so ka hau ka tambaye shi, ga matakala nan."

Steinar bai hau ba. Ya juya ya bi layin motoci, ya fara ƙwanƙwasa gilashi. Da yatsan da ya saba, da irin bugun da ya saba, sai dai yau kansa a sunkuye. A ƙasar da kowace mota ke yawo da shebur da igiya da wayoyin batir tun daga Oktoba, ranar nan aka nemi waya ɗaya aka rasa. Wani ya ce ya ba surukinsa aro. Wani ya yi kamar barci yake. Fasto ya sauke gilashi, ya yi masa murmushin ranar Lahadi, ya ce kash, ya bar nasa a ɗaya motar, alhali kowa ya san motarsa ɗaya ce. A mota ta tara ya tarar da Oddny.

"Wayoyi? Ina da su, sababbi ma," in ji ta.

"Kai, na gode, Oddny, na gode ƙwarai."

"Sai dai kafin a jona sai na tayar da inji ina tsaye. Kai kuwa ka san doka." Ta ɗaga gilashinta.

Mota ɗaya ce ta rage bai taɓa ba, ita kuwa ya kewaye ta kamar ramin maciji. Ya hau ɗakin fasinja na sama, haƙoransa na kaɗawa. Gunvor na zaune kusa da taga, ga gahawa, ga fanken nan mai sukari da man shanu da ba ya daɗi ko'ina sai a jirgin fito.

"Zauna," in ji ta. "Jirgin ba nawa ba ne, ba ya cikin sharaɗi."

Ya zauna. Ta raba fanken biyu ta tura masa rabi. Ya dube shi da zargi.

"Daga mota kika kawo shi?"

"A nan na saya. Ci."

Ya ci.

"Leɓenka ya yi shuɗi, Steinar."

"Hasken fitila ne."

"Akwai kaya a but."

"Ban tambaye ki ba."

"Ban ce ka tambaya ba. Labari nake ba ka."

Ya kau da kai. Yana da dabara guda da ta rage. In an isa tsallake, zai bar babur ya gangara daga gadar jirgi zuwa tasha, ya saki kuloci a kan kwalta, shi ke nan. Ya riƙe wannan dabarar a zuciya har jirgi ya tsaya. Da ƙofa ta buɗe sai ya ga ruwa ya janye, jirgin ya yi ƙasa, gadar da ya sa rai gangara ce ta zama hawa. Ko teku ba ta goyi bayansa ba.

Arnfinn ya taya shi turawa har sama, ya dafa masa kafaɗa, a karon farko ba tare da dariya ba. "Kai, mutumina, ka bar abin nan haka. Ɗaki ne kawai."

"Ba ɗaki ba ne kawai."

"To ka sani."

Motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon gabansa da ladabi. Jirgi ya koma. Filin tasha ya rage daga shi sai motar Gunvor, wadda ta faka a gefe, ta kashe inji kamar yadda ya dace, ta sauke gilashi faɗin yatsa biyu. Daga nan zuwa masana'anta kilomita shida ne, rabinsu hawan dutse.

Ya kama babur ya ruga da shi. Ya yi tsalle ya hau, ya saki kuloci. Inji ya yi gum, ya yi shiru. Ya sauka ya juyo da shi ya sake rugawa. A karo na uku injin ya yi tari sau biyu, har zuciyarsa ta yi tsalle, sannan ya mutu. Gumi ya jiƙe 'yar shat ɗin audugar da takarda ta ce ya sa, iska kuma ta shiga ta wuya ta mayar da gumin ƙanƙara. Rigar lantarki, da ba wuta, ba ta fi ledar burodi amfani ba, wayoyinta sun kwanta masa a haƙarƙari kamar ƙarafan firji. A karo na huɗu ya kai hannun hagu zai matse kuloci, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Ya dube su. Ya ba su umarni. Suka yi biris da shi.

Ya tsaya a tsakiyar fili yana haki. Ya tuna teburin mahaifinsa, da tabon da wuƙar tsohon ta bari a gefensa. Ya tuna rediyo, da ƙamshin giris, da yadda ƙofar ke rufuwa ta bar duniya a waje. Zuciyarsa ta ce ya tsaya a kan bakansa ko da za a ɗauke shi a sandare. Amma zuciya ba ita ke jin sanyi ba. Ƙafafunsa suka yanke nasu hukuncin, suka kai shi bakin motar.

"Gunvor."

"Na'am."

"Rigar nan ta Mama."

"Me ya same ta?"

"Tana nan?"

"Tana nan lafiya lau, a but."

Ya dubi but ɗin. Iska ta buga tampol ɗin wani kwale-kwale da ke gefe.

"Ba ni."

"Iska ta yi yawa, ban ji ba."

"Na ce ki ba ni rigar, don Allah!"

Ba ta yi dariya ba, a faɗi gaskiya. Kafin ya rufe baki ta fito, ta buɗe but, ta zuge masa jaket, ta tuɓe masa rigar wayoyi da jiƙaƙƙiyar shat ta jefar a ƙasa, ta zura masa ulu ta kai kamar yadda ake yi wa ɗan shekara uku. Ta kama hannuwansa biyu ta cusa su a hammatarta, tana ce masa wawa, wawa, babban wawa, har yatsun suka fara zafi, ya fara ihu. Wandon kuwa a bayan ƙofar mota ya sa shi, yana tsalle da ƙafa ɗaya, gari na wayewa, ma'aikatan tasha biyu na kallo ta taga da kofunansu a hannu.

Rigar tana ƙaiƙayi, tana warin tunkiya. Cikin minti biyar ya daina rawar ɗari.

Gunvor ta ciro wayoyin batir, ja da baƙa. "Tunda gareji ya riga ya tafi, wannan kyauta ce." Ta jona, ta shiga mota, ta sa hannu a makulli, sannan ta leƙo. "Zan tayar da inji ina tsaye fa. Za ka ƙwanƙwasa mini gilashi?"

"Tayar kawai, Gunvor."

Bugu ɗaya babur ya tashi.

Ranar Asabar aka yi ƙaura. Steinar bai nemi a sassauta ba, ita ma ba ta yi tayi ba, kuma haka ya kamata, domin magana in an yi ta an yi ta. Babur ya koma gefen katanga ƙarƙashin tampol. Teburin tsohon ya tsira, saboda da aka auna an ga mota na shiga a bar tazarar tafin hannu, amma kujera mai ƙafa uku ba ta sami wuri ba, rediyo kuma ta koma saman kanta inda sai an hau tsani. Yanzu in yana son zama a garejin sai ya jira matarsa ta tafi kasuwa.

Da yake sharaɗi ya ƙare, ba abin da ya hana shi komawa kujerarsa mai ɗumi a mota. Bai koma ba. Ya ci gaba da hawan babur, cikin ulu, wayoyin duk ya kwance ya bar na mariƙi kaɗai. A masana'anta ya shaida wa kowa cewa da gangan ya fitar da baburin waje, wai ɗumin gareji ne ke tayar da gishiri ya ci ƙarfe, babur ɗin hunturu gara ya kwana cikin sanyi. Maganar gaskiya ce, kowane makaniki zai faɗa maka haka. Sai dai bai gano ta ba sai da aka karɓe makulli.

Litinin da safe aka tashi dusar ƙanƙara ta rufe gari. Steinar na waje cikin duhu yana kakkaɓe tampol, kujera ta daskare, madubi biyu sun zama farare fat. Sai ya ji ƙofar gareji na ɗagawa. Mota ta fito da baya, a bushe, gilashinta na ƙyalli. Ta tsaya daidai shi. Gunvor ta sauke gilashi, gahawarta na tururi a ɗaya hannun, ta miƙo masa robar kankare gilashi.

"Riƙe ta ta gefen hagu," in ji ta. "Na daman ya tsage tun shekara shida."